Dokar RoHS da kadmiyam ɗin da ke cikin allon talabijin

Tun ranar 1 ga Yulin 2006 Tarayyar Turai ke aiki da dokar RoHS, wadda ta taƙaita sinadarai masu guba a kayan lantarki, aka kuma sabunta ta a 2011. Dalma da zaiba an yarda su kai kashi 0.1 cikin ɗari, amma ƙarfen kadmiyam kashi 0.01 kacal, domin yana taruwa a ƙoda, yana kuma jawo cutar daji.

Wajen awo ne dokar ta fi tsauri. Ba nauyin talabijin gaba ɗaya ake dubawa ba. Kowane ɓangaren da ba ya rabuwa ta hanyar kwancewa, yankawa ko kankarewa, shi kaɗai ake aunawa. Saboda haka siririyar ledar da ke bayan allo ita ma da nata hisabin.

Cikin wannan leda ake zuba ɗigon kwantam, ƙwayoyin da faɗinsu bai wuce nanomita 2 zuwa 10 ba (nanomita kashi ɗaya ce cikin miliyan na milimita). Fitilar LED ta haska su da shuɗi, ƙananan su mayar da kore, manyan su mayar da ja. Girman ƙwaya ne ke yanke launi, kuma wannan binciken ne ya ba masana kimiyya Ekimov da Brus da Bawendi kyautar Nobel a 2023. Matsalar ita ce waɗanda suka fi fitar da launi tas da kadmiyam da seleniyam ake yin su.

Sai aka ba waɗannan ɗigon rangwame na wucin gadi, mai lamba 39, wanda ya yarda kadmiyam ɗinsu ya wuce iyakar dokar. A 2015 Majalisar Dokokin Turai ta ƙi amincewa da tsawaita shi yadda aka kawo mata, kuma a ganina ta yi daidai, tunda a shekarar Samsung ya riga ya fito da talabijin mai ɗigon indiyam da fosfaras, ba kadmiyam ko kaɗan. Daga baya aka matse rangwamen ya koma ƙasa da maikirogiram 0.2 na kadmiyam (maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram) a kowace murabba'in milimita ta allo.

A 2024 aka sa masa wa'adin Nuwamban 2025. Wanda ya rage na ɗigon da ake ɗorawa kai tsaye a kan fitilar LED ɗin kanta ne, shi ma zuwa ƙarshen 2027. Dokar kuwa ba ruwanta da inda aka ƙera kaya: masana'anta ko a Sin take ko a Koriya, in dai kasuwar Turai za ta kai, sai ta bi.