Shawarwarin Rage Awo da Maganin da Ba Dole Ba

Waɗannan shawarwari ne da ƙungiyoyin likitoci ke fiddawa bisa abin da bincike ya tabbatar, suna cewa wanga awo ko wanga magani a bar shi in babu dalili, don ko bai ƙara ma mara lafiya komi ko ma ya cuce shi. Mafi shahara shi ne kamfen ɗin Choosing Wisely da gidauniyar likitoci ta ABIM ta fara a Amurka a 2012, ƙungiyoyi 9 kowace ta kawo abu 5, Kanada ta bi sahu a 2014, a 2020 kuma aka fidda na Afirka, abu 10 kan kula da masu ciwon daji.

A Maradi inda maganar ta fi cizo shi ne masassara. Tun 2010 hukumar lafiya ta duniya OMS ta ce kar a ba da maganin palu sai an auna jini, ko da TDR, wanda ake soka ma yaro a yatsa a ɗiga jini kan ɗan farin roba, minti 15 zuwa 20 sakamako ya fito, ko a duba da madubin likita. Amma da damina ta sauka kowane zafin jiki sunan shi palu, uwa ta sayo ƙwayoyi wajen mai tallar magani a tire, alhali wata kila ciwon kunne ne ko na huhu, ana ta ɗura ma yaro abin da bai shafi cutar ba har ta ci ƙarfin shi. Awon Widal na taifot ma haka, ya kan nuna akwai cuta ga wanda ba ya da ita, shi ya sa masana ba su yarda a dogara da shi kaɗai ba.

Mura da tarin sanyi galibi birus ne, antibiyotik ba ya taɓa shi. Zawon yara ruwan gishiri da sukari na SRO ne maganin shi da zinc kwana 10 zuwa 14, antibiyotik sai in da jini cikin kashin ko ana zaton kwalara. Shan antibiyotik barkatai ne ke sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani, abin da ya kashe mutum kusan miliyan 1.27 a duniya a 2019.

Sai allura da serom, nan kam laifin ba na ma'aikacin lafiya kaɗai ba ne. Mutum zai je likita, in ba a rataya mai leda ta ɗiga ba ya fito yana cewa ba su duba ni ba, wai ƙwaya biyu kawai. To ga mai iya haɗiya kuma ba ya amai, maganin sha yana aiki daidai da na allura a yawancin cututtuka, ga araha, ga ba ƙurji a mazaunai ko cutar da allura mara tsabta ke kawowa. Ciwon baya ma ba a gaggawar ɗaukar hoto cikin sati 6 na farko, sai in ƙafa ta mutu, ko fitsari ya ƙwace, ko an faɗi, ko mutum na da tarihin ciwon daji.

Shawarwarin ba su ce a zamna gida ba. Yaron da ke jijjiga, ko ya ƙi nono, ko yana aman duk abin da ya sha, ko numfashi na sarƙe shi, wannan CSI, wato asibitin unguwa ko na ƙauye, za a ruga da shi ko cikin dare ne, can kuma allurar da serom ɗin na iya zama dole.