Mata da Baƙi a Finafinan 'Yan Sanda na Hong Kong

Finafinan 'yan sanda na faɗa da hannu wani rukuni ne na finafinan Hong Kong da ya yi tashe daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa farkon na 1990. Ɗan sanda ne jaruminsu, bindigarsa tana ƙugu, amma naushi da shuri ne ke raba gardama. Birtaniya ce ke mulkin Hong Kong a lokacin, har zuwa 1997, kuma Turawa sun riƙe manyan muƙamai da dama a rundunar 'yan sandanta.

Mata

A 1985 Jackie Chan ya fitar da Police Story, shi ne darakta kuma shi ne jarumi. Matan da ke cikinsa biyu, Maggie Cheung da Brigitte Lin, ɗaya budurwarsa ce, ɗaya kuma shaidar da aka ba shi amanar tsarewa. Duk da sun sha wuya wajen ɗaukar fim ɗin, ba a ba su faɗan a hannu ba.

A shekarar dai Corey Yuen ya fitar da Yes, Madam!, inda mata biyu suka zama sufetoci masu jan ragamar bincike. Ta farko ita ce Michelle Yeoh, haifaffiyar Ipoh a Malesiya, wadda ta zama sarauniyar kyau ta ƙasarta a 1983. Rawar bale ta koya tun tana yarinya, faɗa kuwa a wurin masu tsara faɗan fim ta koye shi. Ta biyu Ba'amurkiya ce, Cynthia Rothrock, wadda ta lashe gasannin karate a Amurka, ta fito a matsayin jami'ar Scotland Yard, wato rundunar 'yan sandan London. Ana danganta farkon yayin finafinan mata masu bindiga da wannan fim. Da Yeoh ta yi aure a 1988 ta ajiye fim, sai kamfanin shirya finafinai na D&B ya ɗauko wata 'yar Taiwan don ta maye gurbinta, ya raɗa mata Cynthia Khan, wato ya haɗa sunan Rothrock da Khan, sunan da Yeoh ke fitowa da shi a lokacin.

Yeoh ta dawo a 1992 cikin Police Story 3: Supercop, ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da Chan. A nan ne ta hau babur da kanta ta dira a kan jirgin ƙasa yana tafiya, a Malesiya. Wannan fitowa ta cancanci a tuna da ita fiye da yadda ake yi. Masu sharhi sun sha bamban kan ko finafinan sun ɗaga darajar mata ne ko dai kasuwa suka bi.

Baƙi

Turawa da baƙaƙen fata sun samu gurbi, sai dai yawanci a matsayin mugaye ko yaran mugu. Misali shi ne Michael Woods, baƙar fata ɗan Amurka, wanda ya gwabza da Donnie Yen a In the Line of Duty 4 na 1989. Rothrock tana cikin 'yan ƙalilan da suka tsallake wannan shinge. Hiroyuki Sanada na Japan ma ya fito a ɓangaren masu gaskiya a Royal Warriors na 1986.

Amurka

A 1998 Rush Hour ya haɗa Chan da Chris Tucker a matsayin 'yan sanda biyu, Basine da baƙar fata, ba tare da jarumi Bature ba, ya kuma tara sama da dala miliyan 200 a duniya.