Ƙara wa tunkiya kalsiyam ba ya ƙara shi a nononta

An daɗe ana ɗauka cewa duk ma'adinin da aka zuba wa tunkiya a abinci, kai tsaye yake gangarawa cikin nononta. Ba haka ba ne ga kalsiyam. Yawancinsa a ɗaure yake da furotin ɗin nono, shi ya sa da wuya yawansa a nono ya canza. Idan abinci ya gaza, daga ƙashinta jiki ke ɗiba: nonon yana nan da kyansa, ita kuwa tana lalacewa a ɓoye, abin tausayi.

Aidin da seleniyam su ne ma'adinan da yawansu a nono ke bin abinci. Irin tunkiyar da nisan shayarwa ma suna tasiri. Ciwon hantsa kuwa kan ƙara sodiyam, har ka ji nonon da gishiri-gishiri a harshe.