Gyaran Netwok na Gida Mai Kwamfutoci Masu Tsarin Aiki Daban-daban

Netwok na gida shi ne haɗin kwamfutoci, wayoyi, firinta da sauran na'urorin gida ɗaya ko ƙaramin shago, duk suna rataye da rauta guda, wato na'urar da ke haɗa su tana raba musu intanet, ta kebul ko ta Wi-Fi, domin su yi tarayya a intanet da fayiloli da firinta. Da wuya a sami gidan da na'urorinsa duka sa'o'in juna ne. Tsohuwar kwamfutar tebur tana kan Windows 7, sabuwar laftof tana kan Windows 11, wani ya zo da Mac, wani kuma ya ɗora Ubuntu, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux. Idan suka ƙi ganin juna, mai gida yakan ɗauka wani abu ne ya lalace. Galibi babu abin da ya lalace: sabon tsarin ne ya daina yarda da wata ƙa'idar da tsohon bai san wata ba sai ita, kuma tsaro ne ya sa aka yi hakan da gangan.

Adireshi da haɗi

Masu gyara suna farawa daga ƙasa, domin babu amfanin taɓa saitin raba fayil alhali na'urorin ba a netwok ɗaya suke ba. Kowace na'ura tana karɓar adireshin IP, wato lambar da ake gane ta da ita a netwok, daga rauta ta hanyar DHCP, tsarin da ke raba adireshi da kansa. A Windows ana ganinsa da umarnin ipconfig, a Mac da ifconfig, a Linux da ip addr. Adireshin gida yawanci yana farawa da 192.168, kuma a saitin da aka saba lambobi ukun farko dole su zama iri ɗaya a kowace na'ura. In ɗaya tana 192.168.0.12, ɗayar kuma 192.168.1.7, to akwai rauta biyu a gidan, ko kuma wata tana kan MiFi wata tana kan hotspot ɗin waya. Adireshin da ya fara da 169.254 alama ce kwamfutar ta nemi adireshi ba ta samu ba, sai ta ƙirƙira wa kanta. A duba kebul, kalmar sirrin Wi-Fi, ko a sake kunna rautar.

Daga nan sai ping, umarnin da ke aika ɗan saƙo don a ga ko na'ura za ta amsa, zuwa rauta, sannan zuwa ɗaya kwamfutar. Shirun ping ba ya nufin haɗi ya yanke, domin katangar tsaron Windows takan ƙi amsa shi. Haka kuma na'urar da ke kan Wi-Fi na baƙi tana samun intanet lafiya lau amma an killace ta daga sauran, kuma wasu rautoci suna da saitin da ke hana na'urorin Wi-Fi ganin juna baki ɗaya. Shi kansa Wi-Fi yana da nasa saɓanin zamani. WPA3, sabon tsarin tsaron Wi-Fi da ya biyo bayan WPA2, ya fito a 2018, Windows 7 ba ta san shi ba, kuma tsofaffin katunan Wi-Fi da yawa ba sa ganin zangon 5 GHz, sai 2.4 GHz. Saitin da ya haɗa WPA2 da WPA3 yakan warware wannan.

Yarjejeniyar SMB

A nan mafi yawan rikicin yake. SMB ita ce yarjejeniyar da kwamfutoci ke bi wajen raba folda da firinta. Barry Feigenbaum ne ya tsara ta a kamfanin IBM a 1983, Microsoft ta ɗauka ta faɗaɗa ta. Windows XP ba ta jin komai sai SMB1. SMB2 ta zo da Windows Vista, 2.1 da Windows 7 a 2009, 3.0 da Windows 8 a 2012, sai 3.1.1 da Windows 10 a 2015. Idan kwamfutoci biyu suka haɗu, sukan daidaita a kan sigar mafi girma da dukansu suka sani. Shi ya sa Windows 7 da Windows 11 suke iya musayar fayil ba tare da wata dabara ba, a kan 2.1. XP ce ba ta da mahaɗa da sababbin, domin ba sa zuwa da SMB1 a kunne.

A watan Mayun 2017 muguwar manhajar WannaCry ta bi ta wata ɓaraka a SMB1 ta kulle fayilolin kwamfutoci a ƙasashe da dama, har da asibitocin hukumar lafiya ta Ingila. Abin ya kai Microsoft ta fitar da faci, wato gyaran manhaja mai toshe ɓaraka, na gaggawa ga XP, wadda ta daina kula da ita tun 8 ga Afrilun 2014. Daga sigar 1709 ta Windows 10, a ƙarshen 2017, aka fara janye SMB1 daga sabuwar ɗorawa, Windows 11 ma ba ta zuwa da ita a kunne. Samba, manhajar da Andrew Tridgell ya fara a Ostareliya a farkon shekarun 1990 domin Linux da danginta su yi magana da Windows, ita ma ta kashe SMB1 a saitinta na asali tun sigar 4.11 a 2019. Apple kuwa ta mayar da SMB2 babbar hanyarta ta raba fayil a 2013, da fitowar Mavericks, sigar tsarin aikin Mac, a madadin tata yarjejeniyar mai suna AFP.

Har yanzu ana iya kunna SMB1 da hannu a sashen ƙarin fasalolin Windows, kuma ita ce shawarar da aka fi yawan bayarwa. Tana aiki nan take, amma shawara ce mai haɗari, domin an raunana sabuwar kwamfuta ke nan don a faranta wa tsohuwa. Ba XP kaɗai ke jawo wannan ba: tsofaffin akwatunan ajiya na netwok, rautoci masu ramin USB, da firintocin da ke tura sikanin zuwa folda, da yawansu SMB1 kawai suka iya. Abin da ya kamata a fara nema shi ne sabunta manhajar cikin na'urar daga kamfanin da ya ƙera ta.

Rashin gani a jeri

Sau da yawa kwamfuta ba ta bayyana a jerin Network, amma tana nan kuma ana iya shiga. Gwajin mai sauƙi ne. A Windows a rubuta \\192.168.1.7 a layin adireshin File Explorer. A Mac ko Linux a rubuta smb://192.168.1.7. In folda ta buɗe, raba fayil lafiya yake, sanar da kai ne kawai ya gaza.

Dalili kuwa kowane zamani da hanyarsa ta sanarwa. XP ta dogara da NetBIOS da sabis ɗin Computer Browser, wanda ya tafi tare da SMB1. Sababbin Windows suna amfani da WS-Discovery, wadda take buƙatar sabis ɗin Function Discovery Resource Publication ya kasance a kunne. Mac tana amfani da Bonjour, Linux da Avahi, kuma kwamfutar Linux ba ta cika fitowa a jerin Windows ba sai an ɗora mata ƙaramar manhajar wsdd. Sannan dole a sa haɗin gida a matsayin Private. In Windows ta ɗauke shi Public, za ta ɓoye kanta ta rufe tashar 445 da SMB ke bi, kamar tana filin jirgi. Wannan saiti ɗaya yana bayan kaso mai yawa na kuskuren 0x80070035, mai cewa ba a sami hanyar netwok ba. Kashe katangar tsaro gaba ɗaya ba magani ba ne. In an kashe ta don gwaji, a mayar da ita nan take.

Tsofaffin littattafan koyarwa sukan jaddada abu biyu da yanzu ba su da nauyi. Na farko sunan rukunin aiki: XP Home tana zuwa da MSHOME, na bayanta da WORKGROUP, bambancin yana rikita jeri amma ba ya hana shiga ta adireshi. Na biyu HomeGroup, wanda ya zo da Windows 7 aka cire shi daga Windows 10 a sigar 1803 a 2018. Gidan da ke da Windows 10 ko 11 ba zai amfana da shi ba.

Izini da kalmar sirri

Idan an isa kwamfutar amma ta ce an hana shiga, magana ta koma kan izini. Windows tana da izini hawa biyu, na rabawa da na tsarin fayil na NTFS, kuma wanda ya fi tsauri shi ke aiki. Asusun da ba shi da kalmar sirri ba a barinsa ya shigo ta netwok. Lambar PIN da ake buɗe Windows 11 da ita ta wannan na'urar ce kaɗai, daga wata kwamfuta sai da ainihin kalmar sirrin asusun. In an taɓa adana kalmar da ba daidai ba, Windows za ta yi ta aika ta a ɓoye har sai an goge ta a Credential Manager.

Shiga a matsayin baƙo, wanda a zamanin XP shi ne al'ada, ana ta rufe shi. Sigar 24H2 ta Windows 11 Pro ta hana shi, ta kuma wajabta sa hannun SMB, wato hatimin da ke tabbatar da ba a sauya saƙo a hanya ba, abin da ya sa akwatunan ajiya da dama suka daina buɗewa bayan sabuntawa. Hanya mafi tsafta ita ce a buɗe asusu na musamman mai kalmar sirri a kwamfutar da ke riƙe da foldar, kowa ya riƙa shiga da shi.

Firinta

Firintar da aka raba ta USB daga wata kwamfuta tana buƙatar direba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta sarrafa firintar, wanda ya dace da kowace mai aiko aiki, kuma direban 32-bit ba ya yi wa 64-bit. Bayan facin ɓarakar PrintNightmare a 2021, kuskuren 0x0000011b ya yawaita tsakanin kwamfutocin da aka sabunta da waɗanda ba a sabunta ba. In firintar tana da Wi-Fi ko ramin kebul, gara a haɗa ta da rauta kai tsaye, kowace kwamfuta ta same ta da kanta. A inda ake yawan ɗauke wuta, kamar yawancin garuruwanmu, rauta tana iya raba sababbin adireshi duk lokacin da ta tashi, firintar da ta yi aiki jiya ta ɓace yau. Ana magance wannan da keɓe mata adireshi na dindindin a saitin DHCP na rautar.

Makomar tsohuwar kwamfuta

Tallafin Windows 7 ya ƙare ranar 14 ga Janairun 2020, na Windows 10 kuma 14 ga Oktoban 2025. Duk da haka ba kowa ke da halin sauya kwamfuta ba, kuma wasu shagunan buga takardu suna riƙe da tsohuwa ne saboda wata manhaja ko na'urar da ba ta aiki da sabon tsari. Irin wannan kwamfuta ana iya cire ta daga netwok a riƙa kai mata fayil da filas, bayan an duba shi da manhajar kashe ƙwayoyin cutar kwamfuta. Ana kuma iya sa tsohon tsarin a cikin kwamfutar kwaikwayo, wato manhaja irin VirtualBox mai aiki tamkar wata kwamfuta daban, a kan sabuwa. Idan kuwa aikinta bai wuce rubutu da intanet ba, Linux mara nauyi irin Lubuntu ko Linux Mint Xfce zai ba ta SMB3 da facin tsaro na yau, a kan injin da take da shi.