Kiranye ga motoci: ba janyewa daga kasuwa ba ne

Tun da aka yi ta cece-ku-ce kan yunƙurin yi wa Sanata Natasha Akpoti kiranye a 2025, kalmar ta zauna a bakin kowa. Yanzu har motoci ake cewa an yi wa kiranye, kuma hakan daidai ne. Abin da ke ɓata mini rai shi ne yadda wasu masu karanta labarai ke sauya ta da "an janye motoci daga kasuwa", mai sauraro ya tashi da tunanin an ƙwace motocin ko an haramta hawansu.

Ɗan majalisar da aka yi wa kiranye kujerarsa yake rasawa. Mota kuwa tana nan hannun mai ita. Kamfani ne ke amsa cewa akwai aibin da zai iya cin rai, ya rubuta wa masu motocin su kawo a gyara kyauta.

A duba akori-kurar Ford F-150. A watan Yunin 2024 kamfanin ya yi wa ƙirar 2014 kiranye a Amurka, sama da guda 550,000. Akwai wata 'yar na'ura a jikin giya mai sanar da kwamfutar motar irin gudun da ake yi. Idan saƙon ya yanke, sai giya ta faɗa ta ɗaya ba shiri, ko da direba na tsala gudu a babban titi. Tayoyin baya na iya cijewa, motar ta ƙwace masa. Birki lafiya, sitiyari lafiya, direba bai yi ganganci ba. Kuma ba sabon ciwo ba ne: a 2019 an kira kusan miliyan ɗaya da rabi na ƙirar 2011 zuwa 2013 saboda shi. Gyaran kuwa sabunta manhajar kwamfutar ne. To, wace kasuwa aka janye motar da ta shekara goma a hanya?

Wani lokaci gyaran babba ne. Toyota sai da ta amince ta sauya injin Tundra ɗungurungum a motoci kusan 100,000 a 2024, saboda ɓurɓushin ƙarfe da ya rage a ciki tun daga masana'anta.

Doka ce ta tilasta wannan, ba tausayi ba. Kamfanin da ya gano aibi dole ya sanar da NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran mota ta Amurka, cikin kwanakin aiki 5, masu motoci kuma cikin kwana 60. Shi ya sa ba na ganin kiranye abin kunya ne ga kamfani. Wanda ya san aibin ya yi gum shi ne abin tsoro.

Inda abin ya shafe mu shi ne motocin hannu. Dokar tarayyar Amurka ta hana dillali sayar da sabuwar motar da ba a gyara ba, amma ba ta hana sayar da tsohuwa ba. Haka za ta hau jirgin ruwa, ta sauka Kwatano ko Legas, ta iso Kano da aibinta, wasiƙar kuwa tana can gidan mai ita na farko. Duk mai shirin saye ya kwafi lambar motar ta VIN, haruffa da alƙaluma 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, ya saka a shafin NHTSA. Kyauta ne, kuma zai nuna masa kiranyen da ba a kai motar ba.