Yara da wasan alkafura (gymnastics): tambayoyin da iyaye ba sa gajiya da yi

Tun da aka gama gasar Olamfik ta Paris a 2024 tambayoyin nan dai ake ta maimaita mini, wani ya kira da dare, wata ta tare ni a bakin ƙofar ɗakin horo. Na tara su wuri ɗaya. Wanda ya sake tambaya, nan zan turo shi.

Shekara nawa ya kamata yaro ya fara?

Biyar ko shida. Fitattun 'yan wasan nan Nadia Comaneci da Simone Biles duk suna da shekara 6 suka fara. Ƙasa da haka wasa ne: birgima, rataya, tsalle a kan katifa. Kada ku kira shi horo.

Ɗana shekararsa tara. Ya makara?

Bai makara ba. Ƙarfin kafaɗa da ƙirji da namiji ke bukata a kan zobba da sandunan da ake rataya a kansu a gasa sai bayan balaga yake zuwa. Ku kawo shi.

Yaushe 'yata za ta je Olamfik?

Wannan ce ke ɓata mini rai. Yarinya ko tsayuwa a kan hannu ba ta gama iyawa ba, uba har ya fara lissafin lambar zinare. Tun 1997 dokar hukumar wasan ta duniya, FIG, ita ce mace ba ta shiga gasar manya sai a shekarar da za ta cika 16. Comaneci tana da 14 ta samu maki goma cif, wato cikakken maki, a Montreal a 1976, amma da yau ne ba za a bar ta ta shiga ba. Ƙasar Sin ta rasa lambar tagullar da ta ci a Sydney a 2000, aka ƙwace a 2010, saboda an gano 'yar wasanta Dong Fangxiao shekara 14 gare ta a lokacin. Biles kuwa tana da 27 ta lashe zinaren gwarzuwar gasa a Paris. Oksana Chusovitina ta je Olamfik sau takwas, na ƙarshe tana da 46. To saurin me kuke yi?

Gaskiya ne wasan yana hana tsawo?

A'a. Gajeru ne suka fi jin daɗin juyi a sama, su ke ɗorewa, su kuke gani a talabijin. Masanan da FIG ta sa su binciki maganar sun fitar da rahoto a 2013, ba su sami hujjar cewa horon na rage tsawon da mutum zai kai ba. Yunwa ita ce abin tsoro.

'Yata shekararta 11, tana kukan wuyan hannu, koci kuma ya ce a ƙara mata awoyi don gasa ta matso. In yarda?

Hajiya, wannan ba ta da amsa guda, kuma ban ga hannun ba. Amma bari in faɗa miki yadda nake auna ta.

Ki fara gano irin ciwon. Ciwon tsoka bayan sabon atisaye yakan kama hannu biyu, ya bazu, ya tafi cikin kwana biyu ko uku. Wannan ba komai. Wanda nake tsoro shi ne wanda yarinya za ta nuna miki da yatsa ɗaya, a bakin ƙashin wuyan hannu ta ɓangaren babban yatsa, yana tashi duk lokacin da ta dafa ƙasa ta ɗora nauyinta. Ki lura da ita idan za ta yi tsayuwar hannu: in tana karkatar da tafin waje, ko tana yarfe hannun bayan ta sauko tana satar kallon koci, to akwai magana. A daidai wurin akwai guringuntsin da ƙashi ke yin tsawo ta cikinsa, bai gama ƙwari ba sai can bayan balaga. Wuyan hannu ba a halicce shi don ɗaukar jiki ba, wasan nan kuwa ya mai da shi ƙafa. Idan aka ci gaba da danne guringuntsin yana iya rufewa da wuri, ƙashi ɗaya ya tsaya, ɗan'uwansa na gefe ya wuce shi, ciwon ya bi ta har girma.

Shekara 11 kuma lokaci ne da yawancin 'yan mata ke miƙewa da sauri. Ƙashi yana riga tsoka tsawo, jiki ya ɗaure, juyin da ta iya bara ya ƙi zuwa bana. Koci mai gaggawa yakan ɗauka lalaci ne ya ƙara maimaici, alhali a nan ne ya kamata a rage. Diddige da ƙasan gwiwa da ƙugu ma irin wannan kukan suke yi a shekarun nan.

Maganar awoyi, likitocin wasanni suna da ma'auni mai sauƙi: awoyin horo a mako kada su wuce shekarun yaro, a kuma huta kwana ɗaya ko biyu. Ba zan ɓoye miki ba, a wannan wasan yaran da ake shirya wa manyan gasa sukan wuce haka, manya ma har awa talatin suke yi. Saboda haka ba zan ce duk kocin da ya wuce ma'aunin mugu ne ba. Ya danganta da abin da ake yi a awoyin. Awa biyu na miƙa jiki da rawa da ƙarfafa ciki ba ɗaya suke da awa biyu na dira a kan hannu ba.

Abin da zan yi in tawa ce: a dakatar da duk abin da ke ɗora nauyi a hannu, a je wurin likitan ƙashi a ɗauki hoto. Kada a kai ta a ja hannun, ba targaɗe ba ne. Kada a shafa man zafi ko a ba ta ƙwaya ta koma ta ci gaba. Hutun yana iya ɗaukar makonni, wani lokaci watanni. Ba zaman gida za ta yi ba, akwai aikin ƙafa, akwai tafiya da juyi a kan siririn katakon gasa mai faɗin santimita 10. Idan hoto ya fito lafiya kuma ciwon ya tafi, a dawo a hankali, sannan a yi maganar ƙari. Gasar 'yan shekara 11 kuwa ba wanda zai tuna da ita. Elena Mukhina zakarar duniya ce a 1978, ta karye a ƙafa, aka matsa mata ta dawo ba ta gama warkewa ba. Ana dab da Olamfik ta Mosko a 1980 ta faɗi a kan wuya, ba ta sake tafiya ba har ta rasu a 2006.

Ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi?

Haka ne, a tanƙwara. Ba a ce a zauna a kan gwiwar yaro yana kuka don ƙafa ta buɗe ba.

Yana alkafura a kan tarin yashi, ba horo ba ne?

Zuciya ce, kuma ina son ta. Amma yaron da ya koyi juyin baya da kansa yakan jefa kai baya tun kafin ya tashi sama, gyaran wannan ya fi koyarwa daga farko wuya. Ku bar shi ya yi wata da watanni yana tsayuwar hannu a jikin bango, ko da yana gunaguni.

Koci yana ɗora yaran a sikeli, ya ce 'yata ta rage abinci.

Ku cire ta. A Birtaniya binciken lauya Anne Whyte na 2022 ya bankaɗo yadda aka riƙa wulaƙanta yara kan nauyi, daga baya aka hana kociyoyi auna su. Yarinyar da ke horo tana bukatar ƙarin abinci ne. Idan al'adarta ta ɗauke, ko ta kai 15 ba ta fara ba, likita za a gani, ba alamar ƙwazo ba ce.

Dole sai yarinya ta sa ƙananan kayan nan na gasa?

Ba dole. 'Yan wasan Jamus sun sa masu rufe ƙafa har idon sawu a 2021, doka ta yarda.

Ɗan Afirka yana kai labari kuwa?

Kaylia Nemour ta ci wa Aljeriya zinare a Paris. Uche Eke ya ci zinare a gasar Afirka a Rabat a 2019, shi ne kuma ɗan Najeriya na farko da ya yi wasan a Olamfik, a Tokyo. Amma ita a Faransa ta tashi, shi a Amurka. Katifa da ramin soso da koci mai haƙuri suka samu.

Zan iya zama in kalli atisaye?

Ku zauna. Likitan tawagar Amurka, Larry Nassar, ya shafe shekaru yana lalata da yara kafin a ɗaure shi a 2018, har da waɗanda iyayensu ke cikin ɗakin, sun yarda magani yake yi. Don haka ku kalla, ku kuma tambayi yaran a hanyar gida. Kocin da ya rufe ƙofa ya ce iyaye su jira a waje kullum, ku ɗauki ɗanku ku tafi.