Koyon Turanci a Koriya ta Kudu

Turanci shi ne harshen waje da aka fi karantawa a Koriya ta Kudu, kuma yana cikin darussan da ke yanke wa ɗalibi jami'ar da zai shiga. An fara koyar da shi a hukumance a zamanin daular Joseon, da aka buɗe makarantar tafintoci ta Dongmunhak a 1883. Daga 1997 kuwa, yara na fara darasinsa tun aji uku na firamare.

Jarrabawar shiga jami'a, Suneung, wadda aka fara a 1993, ita ce ke jan akalar karatun. Takardar Turanci tana da tambayoyi 45 cikin minti 70, 17 daga ciki na sauraro ne. A lokacin sauraron ana dakatar da tashi da saukar jiragen sama a faɗin ƙasar na kusan minti 35, don kada ƙara ta hana ɗalibai ji.

Bayan an tashi daga makaranta, yara da dama kan wuce makarantun kuɗi na ƙarin darasi, wato hagwon. Unguwar Daechi da ke Seoul ta yi suna a kansu. A can haddar kalmomi ce kan gaba: a ba yaro jeri, kowace kalma da ma'anarta a harshen Koriya, gobe a gwada shi. Hanyar tana kawo maki, amma tana da giɓi babba. Misali, Turanci na da kalmomi da yawa na shagali mai hayaniya, wata ta murna ce, wata ta ƙorafin maƙwabci ce, wata sai a tsofaffin littattafai. Jeri yakan haɗa su ƙarƙashin ma'ana ɗaya, sai ɗalibi ya san su duka bai san inda kowacce ke shiga ba. Abin tausayi ne ga yaron da ya sha wahalar haddarsu.

Furuci ma da nasa aikin. Harshen Koriya ba shi da sautin f, v da z, kuma yakan cusa wasali tsakanin baƙaƙe, kamar yadda Hausa ta yi wa burodi. Don a gyara magana, gwamnati ta kafa shirin EPIK a 1995, mai kawo malamai 'yan asalin harshen Turanci. Wasu iyalai kuma kan tura uwa da yara ƙasar waje karatu, uba ya zauna gida yana aika kuɗi. Ana kiransa gireogi appa, wato uba dinya, da sunan tsuntsun nan.